Ranar da Turancina Ya Kori Injin Niƙa

Ko na tsufa na fara mantuwa, akwai ranar da ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce ranar da na yi wa mutanen ƙauyenmu tafinta.

Lokacin ban daɗe da gama kwaleji ba, ina koyar da Turanci a wata sakandare a cikin Birnin Gwari. Kaina ya kumbura, ko gaisuwa zan yi sai na barbaɗa mata Turanci. Darasin da nake ji da shi kuwa na kalmomin tattalin arziki ne. Sati uku ina kansa: ikonomi suna ne, ikonomik sifa ce, ikonomikal ma sifa ce amma ta mai tsimi da tanadi. Ɗalibai suna ta hamma, ni ina jin daɗin bakina.

Ƙauyenmu yana wajen Kakangi, a bakin daji. Tun da 'yan bindiga suka ƙona injin niƙa ɗaya tilo da muke da shi, mata suka koma turmi, don hanyar kai niƙa wani gari ba ta biyuwa. Gwaggona da ta riƙe ni tun ina yaro, tafin hannunta duk ya yi kanta. Ana haka sai labari ya zo cewa wata ƙungiya za ta ba da inji guda. Ƙauyuka biyu za a duba, a ba wanda ya fi buƙata. Jami'ar da za ta zo ba ta jin Hausa, don haka mai gari ya aika a kira ni. Na ɗaura taye a wuya a cikin zafin nan, na hau mashin.

A gindin ɗorawa aka zauna. Jami'ar ta ce in tambayi mai gari yadda rayuwa take. Ya gyara zama ya ce, "Alhamdu lillahi. Mun gode Allah. Masara ta yi, dawa ta yi, lafiya lau muke." Daga nan ya yi shiru, ya sunkuyar da kai.

Duk ɗan garinmu ya san wannan shirun. Dattijo ba ya fara kai kuka gaban baƙo. Sai ya gode wa Allah, ya numfasa, a sake tambayarsa, sannan ya ce "sai dai," kuma duk maganar tana bayan sai dai ɗin. Ni ma na sani sarai. Amma da na ga fili, sai darasina ya taso mini. Na miƙe tsaye, na gaya wa jami'ar ikonomin garinmu na tsaye da ƙafarsa, harkokinmu na ikonomik suna bunƙasa. Kowace kalma na ajiye ta a mazauninta, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mutane suna kallona baki buɗe, sun ɗauka kukansu nake kaiwa.

Ta juya wajen mata, ta tambayi zancen niƙa. Gwaggo ce babbarsu, ta ce, "Muna dai lallaɓawa." Nan na samu gurbin kalmata ta uku. Na ce matanmu ikonomikal ne, sun saba da aikin hannu, ba sa ɓarna.

Gwaggo ta jawo gefen rigata. "Kai, ka gaya mata zancen hannuwanmu kuwa?"

"Gwaggo, ki bar ni mana, na san abin da nake yi."

Jami'ar ta rufe littafinta, ta ce ta daɗe ba ta ji Turanci mai kyau irin nawa ba. Wallahi ranar da ƙyar ƙafata take taɓa ƙasa.

Bayan sati biyu aka kai wa ɗaya ƙauyen injin. Tafintansu wani direba ne mai Turancin tasha. Abin da ya iya faɗa bai wuce babu inji, babu hanya, mata na wahala ba. Da kalmomi suka ƙare masa, sai ya ce wa matan su buɗe tafin hannunsu jami'ar ta gani.

Da na koma ƙauye na tarar da labarin. Na shiga gida kunya kamar ta kashe ni, na tarar da Gwaggo a bakin turmi. Ta share gumi, ta miƙo mini taɓarya.

"Malam, sannu da zuwa. Ungo, surfa mana da Turanci."

Na karɓa. Matan gida suna dariya, ni ina ta surfe da taye a wuya. Kafin in gama kwarya guda hannuna ya yi bororo, kwana uku ko alli ban iya riƙewa ba. Ita kuwa Gwaggo sai da ta ƙara shekara biyu tana wannan aikin kullum, kafin mutanen gari su yi karo-karo su sayi wani injin.

Har yau ina koyar da darasin, kuma ba na kuskure wajen raba suna da sifa. Amma abin da ranar ta koya mini ba ya cikin littafi: in an aike ka da bakin mutane, nasu za ka kai, ba naka ba. Yanzu in dattijo ya ce alhamdu lillahi ya yi shiru, kama bakina nake yi in jira sai dai ɗinsa.