Awarar da Ta Raba Ni da Aure

Edita, a lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a nan Wudil, ina karanta lissafi, kai ya kumbura, gani nake ba wanda ya kai ni sani. Aikin kammala karatuna shi ne tsara lissafin da zai duba hoton sikanin ya faɗi taurin tsoka, musamman hanta, domin hantar da ciwo ya ci taurara take yi. Malamina ya ce kada in soma da mutum, in gwada da abu mai laushi tukuna. Sai na sayi awara a Sabon Gari, irin wadda aka danne da dutse ta yi tauri, na kai wa abokina mai yin sikanin a wani asibiti. Ya ɗauki hoton awarar, ni kuma don rawar kai na kwaye riga na ce ya ɗauki cikina.

Da na zuba hoton cikin nawa a kwamfuta, lissafi ya ce hantata ta fi ta mai lafiya tauri nesa ba kusa ba. Innalillahi! Gumi ya karyo mini. Na maimaita, amsar ba ta canza ba. Zuwa wurin likita bai ko zo mini a rai ba. Ni da na tsara lissafin da hannuna, wa zai gaya mini? Na daina cin maiƙo, na koma sahun farko a masallaci, har liman ya tambaye ni ko lafiya.

Babbar wautar ita ce zuwana gidan su yarinyar da aka sa mana rana. Na durƙusa gaban mahaifinta na ce ciwon hanta ya kama ni, na janye, ba zan bar masa 'ya tana takaba da ƙuruciyarta ba. Dattijo ya yi ta sa mini albarka. Ita kuwa ina jira ta yanke jiki ta faɗi, sai kawai ta ce Allah ya sa kaffara ne, ta tambaya ko an bar mata kayan sa-ranar. Wallahi wannan ya fi hantar yi mini ciwo.

Yayata ce ta ja ni asibiti da faɗa. Likita ya duba ya ce hantata garau take. Da na koma wurin abokina mai sikanin, ya buɗe hotunan, ya yi dariya har da riƙe ciki: ashe musanya su na yi, awara nake ta yi wa kuka. Malamina ma yabawa ya yi, wai lissafin ya auna awarar daidai.

Na garzaya gidan su yarinyar ina haki, mahaifinta ya ce bakin alƙalami ya bushe, wani ɗan garin Utai ya kawo gaisuwa, kuma ita da kanta ta nuna shi.

Don Allah 'yan uwa ɗalibai, duk iya lissafinku, ku bar likita ya duba ku kafin ku yanke wa kanku hukunci. Ni dai ga ni da lafiyayyar hanta ba mata, kuma har yau in na wuce mai awara sai ta ce mini ya jiki.