Finjali a Kan Gwiwa

Funtuwa zuwa Kano

Ban jira gari ya waye ba na bar gida. Uwargida ta rako ni bakin ƙofa da ƙunshin kilishi da daddawa, saƙon ƙanena Sabi'u wanda ya daɗe yana ɗinkin kujeru a Madina. A takarda umara za ni, a zuciyata kuwa yaƙi za ni. Sabi'u ya bugo waya ya ce maƙwabcinsa ya mamaye masa filin bayan shago inda yake yanka soso, kuma in filin nan ya tafi, sana'ar ta tafi.

Ga wanda bai san ni ba, a majalisarmu ta bakin kasuwa ni ne mai fashin baƙi kan yaƙin Rasha da Yukiren. Tun da aka fara matsayina bai sauya ba: ƙasar da aka shigar wa gida, ƙawayenta su ba ta duk abin da ke hannunsu. In an ce mini mai mamayar yana da nukiliya, sai in ce barazana ce kawai. Na sha faɗin haka da kofin shayi a hannuna, kuma ko tsakuwa ba a taɓa jefo mini ba.

Direbanmu Ɗan'azumi ya kunna rediyo tun daga Bakori, aka ce ƙawayen Yukiren na can suna taro kan ko a ba da makami mai cin dogon zango.

"Alhaji, ni dai a ba su," in ji shi, "amma a ba su kaɗan-kaɗan, kada mutumin nan ya fusata hayaƙin ya iso mu."

Na wanke shi tas, tun daga Malumfashi har Gwarzo. Da muka hango shingen jami'an tsaro ya rage rediyo, ni ma na rage murya, muka wuce kamar masu dawowa daga ta'aziyya.

Jidda zuwa Madina

Jirginmu ya tashi da rana, muka sauka Jidda ana kiran isha'i. Washegari na hau jirgin ƙasan nan mai gudu, wanda kafin ka gama gyara zama ya cinye rabin hamada. Sabi'u na jirana a tasha. Ya rame, gemunsa ya fara furfura, abin ya taɓa mini zuciya, don ni na goya shi yana yaro.

Ya sauke ni a ɗakinsu na haya a Aziziyya, muka ci tamis, wata faffaɗar gurasa mai zafi, da dafaffen wake da man zaitun. Daga nan muka wuce Masallacin Annabi. A nan kam hawaye kawai na yi, na manta da Rasha da Yukiren har muka fito.

Sultana

Shagon Sabi'u yana wani lungu a bayan babban titin Sultana, tsakanin mai gyaran na'urar sanyi da mai sayar da taya. Mai tayar shi ne Abu Nayif. Da farko taya biyu ya roƙa ya ajiye a filin, na kwana ɗaya. Ranar da na je, tayoyi sun yi katanga har sun fi ni tsawo, Sabi'u kuwa yana yanka soso a bakin titi, iska na wasa da shi.

"Me ya hana ka watsar masa da su waje?" na tambaya.

"Yaya, kawunsa ne kafilina."

Kafili shi ne ɗan ƙasar da takardar zamanka ke ƙarƙashin sunansa. In ya ga dama ya latsa waya ya kai rahoto cewa ka gudu daga aiki, abin da suke kira balagi, shi ke nan takardarka ta mutu, kai kuma sai jirgi. Abu Nayif bai taɓa cewa zai sa a yi ba. Duk lokacin da Sabi'u ya ɗaga maganar fili, sai ya zaro waya ya ajiye a kan tebur, ya ce ai filin nan tun zamanin kakansa nasu ne. Na ce wa Sabi'u barazana ce kawai. Ya dube ni, ya ci gaba da yankan sosonsa.

Ƙurban

Bayan la'asar muka je gidan Baba Idrisa a Ƙurban, kusa da Masallacin Ƙuba. Dattijo ne Bahaushen Sudan, shi ne uban Hausawan unguwar, a falonsa ake taruwa. Na tarar da mutanen Kano da na Damagaram da na Cadi, kowa da irin Hausarsa, samarin gidan kuma kana yi musu Hausa suna mayar maka da Larabci. Waɗannan su ne ƙawayen Sabi'u.

Ba zan zalunce su ba, sun taimaka. Sun yi masa addu'a a tare. Sun aika masa da tamfol don ya rufe soso daga rana. Bayan doguwar shawara sun saya masa ƙaton kwaɗo mai makulli biyu, da sharaɗin kada ya sa shi a ƙofar filin, don hakan tsokana ne. A ƙofar banɗaki aka yarda ya sa.

Na miƙe na yi musu jawabin da na saba yi a Funtuwa, na sauya sunayen ƙasashe kawai. Baba Idrisa ya bari na gama.

"Ya waladi, maganarka sahihi ce, miya bil miya, ɗari bisa ɗari," in ji shi. "Lakin mutum huɗu a ɗakin nan iƙamarsu, wato takardar zamansu, tana hannun kafili ɗaya da ƙanenka. In balagi ya tashi ba ya zaɓen suna. Kai kuma tikitinka na komawa yana aljihunka."

"Baba, ni da filin na ce a gwada," in ji Sabi'u. "Ni zan fara ƙonewa ai."

"Kai za ka fara, mu mu biyo. Wannan ita ce mushkilar."

Aka yi ta ja har wani Bacade mai suna Mahamat ya tuna musu da wata al'ada ta Larabawa. In baƙo ya je gidan mutum da buƙata, aka zuba masa gahawa, sai ya ajiye finjalin a ƙasa bai sha ba. Mai gida ya san an zo da magana, kuma abin kunya ne gahawarsa ta huce a gabansa, don haka zai ce sha, an biya maka. In kuma ya ƙi, to an ɓata ke nan a gaban shaidu, babu gyara. Nan take kowa ya yarda ni ya dace in ajiye finjalin, tunda ni ne yayan mai fili, ni ne baƙo, ni ne kuma na fi kowa murya. Su za su raka ni su zauna a baya.

Gidan Abu Nayif

Na so in tarar da mugu mai jan ido, sai na tarar da mutum mai fara'a da ya rungume ni yana ta ahlan wa sahlan. Ya zaunar da mu a kan kujerun ƙasa masu taushi, waɗanda daga baya na ji Sabi'u ne ya ɗinka su. Aka kawo dabino, aka ɗauko butar gahawa. Ya zaro wayarsa ya ajiye a kan matashi kusa da gwiwarsa, fuskarta na kallon sama.

Ƙawaye suka karɓi nasu finjalin suka shanye tun da zafinsa, har na ji wani ya ƙone harshe. Aka miƙo nawa. Na karɓa da hannun dama na fara yin ƙasa da shi. Daidai nan wayar ta yi haske, saƙo ne ya shigo, wataƙila ma tallan kamfani ne. Baba Idrisa ya yi tari. Mahamat, mai shawarar, ya tsura wa silin ido. Na tuna mutum huɗu da ’ya’yansu da ke makaranta a garin nan. Na dubi Sabi'u, shi kuwa ƙasa yake nuna mini da ido.

Sai na ɗora finjalin a kan gwiwata.

Ban sha ba, ban kuma ajiye ba. Abu Nayif ya dubi finjalin, ya dubi fuskata, da alama shi ma bai taɓa ganin irin wannan ba. Gahawa na hucewa, ina dafe da finjalin kada ya zube mini a riga. Can ya yi murmushi ya ce wani abu, Baba Idrisa ya fassara mini: saboda darajar baƙo, gobe za a kwashe layin taya ɗaya na bakin ƙofa, sauran kuma za a duba bayan aikin hajji, in Allah ya so. Bai faɗi hajjin wace shekara ba. Na shanye gahawar a sanyaye.

A mota ƙawaye suka yi ta taya juna murna. Wasu suka ce gwiwa ƙasa ce tunda a zaune nake, wasu suka ce hikimar ma ita ce da ba ƙasa ba ce. Baba Idrisa ya ce a tarihin unguwar ba a taɓa samun nasara irin wannan ba tare da an rasa ko iƙama ɗaya ba. Sabi'u ne kaɗai ke kallon taga.

Washegari an kwashe layin taya ɗaya kamar yadda aka yi alkawari. Wurin da ya buɗe ya isa mutum ya tsaya, in bai buɗe hannuwa ba.

Hanyar gida

Sabi'u ya rako ni tasha ranar da zan wuce Makka, ina sanye da harami. Na fara yi masa bayanin cewa siyasa sai a hankali, ya tare ni cikin ladabi.

"Yaya, ban ji haushinka ba. Amma da ka sha, da na san ba ni da kowa, in tattara kayana in dawo gida tun da sauran ƙarfina. Da ka ajiye, da na san ko an kore ni an kore ni da ɗan'uwa a bayana. Yanzu kun ba ni abin da zai hana ni tafiya, bai kuma isa in zauna ba."

Ya zaro kwaɗon nan daga aljihu ya sa a jakata. Ya ce banɗakin ma ba ya buƙatarsa, yana da sakata.

Na yi umarata, na bi ta Jidda na sauka Kano, Ɗan'azumi ya ɗauko ni. Rediyo na cewa ƙawaye sun amince a ba da makamin, da sharaɗin kada a harba shi nesa. Ya waiwayo yana jiran in fara, na ce masa ya kula da hanya.

Na iso Funtuwa lafiya, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Baba Idrisa da jama'ar Ƙurban saboda karamci, da Abu Nayif saboda kwalin dabinon da ya aiko mini har masauki, wanda majalisarmu ta cinye tana yaba kirkin Larabawa. Sun tambaye ni ra'ayina kan yaƙin yanzu da na ga duniya, na ce gajiyar hanya ba ta sake ni ba tukuna. Kwaɗon yana rataye a ƙusa a ɗakina da makullansa biyu. Jiya Sabi'u ya bugo ya tambayi lafiyar yara, ina jin ƙarar motocin Sultana a bayansa, na gane daga bakin titi yake magana.