Man Kaɗanya a Gezar Amarya

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da kitson Amarya ya warware a tsakiyar fili ba, kuma ba na fatan in manta. Ku da kuka zo barga daga baya kun san ni da tsanani a kan kitso, amma ba ku san inda na samo shi ba. Yau zan faɗa muku, ko da yake labarin ba zai ƙara mini daraja ba.

Lokacin ina shekara ta shida a bargar ƙungiyar masu hawan doki. Tsarin kamar na yanzu ne: masu yankan ciyawa da kwashe kashi, sama da su mu masu kula da dawaki, kowa da nasa biyu, sannan sarkin barga a kan kowa. Sarkin bargarmu Baba Mamman ne, mutumin Maraɗi da ya tsufa a unguwar Maamobi. Amarya kuwa goɗiyar wata Madam Efuwa ce. Mu muka sa mata sunan saboda gezarta da ta sauko ta rufe wuya, Madam kuma ta hana a kusanto ta da almakashi.

Ranar gasa ba a barin irin wannan geza a sake, don tana sarƙewa da linzami. Ana wanke ta kwana biyu kafin ranar, da sabulu kawai. Da safen gasa a jiƙa ta da ruwa, a taje, a fara daga bayan kunne da sili uku. Kowane juyi sai ka ɗebo gashi kaɗan daga sama ka ƙara, kana matsewa, kitso ɗaya yana bin doron wuya har kafaɗa. Can sai a naɗe bakin, a ɗinke da allura da zare mai launin gashin. Kitson Amarya Baba ne kaɗai ke yin sa, haka Madam ta sani.

Abin da ba ta sani ba, yatsun Baba sun fara ƙagewa da sanyin ƙashi. Wata biyar ni nake yin kitson, shi yana tsaye riƙe da kan goɗiyar, in an yaba a yaba masa. Da farko don Allah nake yi. Daga baya yabon ya fara ci mini rai.

Matata Hawa mai kitso ce a Nima. Kullum ina ganin tana shafa wa mata man kaɗanya kafin ta fara, kai ya fito yana sheƙi. Sai na ce a raina, in kitson Amarya ya yi irin wannan sheƙi, dole Madam ta tambayi hannun da ya yi. Baba ya sha gaya mana ruwa kaɗai ake sa wa geza, ni kuwa na ɗauka tsohon yayi ne. Na ɗebi man a gwangwani na sa a aljihu. Da safen aka kira Baba ya duba kofaton wani doki, ya ce in fara zai dawo. Kafin ya dawo na shafa, na kitse, na ɗinke. Ya hango daga nesa ya ɗaga mini hannu.

Gasar tsallaken shinge ce. Shinge na farko da na biyu lafiya. Kafin na uku kitson ya zame daga tsakiya, kamar ana zare lagwani. Gashi ya naɗe yatsun Madam, mai ya shafi linzami, ya sulluɓe mata. Amarya ta ja birki a gaban shinge, Madam ta wuce ta kan wuyanta ta faɗi a kan kafaɗa. Allah ya tsare ba ta karye ba, amma an fitar da ita daga gasar a gaban kowa.

A barga ta tara mu, hannunta a rataye, ta tambayi wanda ya yi kitson. Ina tsaye a wurin. Baba ya ce, "Ni ne, Madam." Ta ce ya je gida ya huta sai ta neme shi, mun kuma san ma'anar wannan. Washegari manajan ƙungiyar ya miƙa mini makullin ɗakin sirdi, wanda sarkin barga ke riƙewa. Na karɓa.

Mako uku ina riƙe da makullin. Na samo wa kaina hujja: in na ce ni na yi, asirin yatsun Baba ya tonu. Sai Hawa ta ga man kaɗanyarta ya ragu, ta matsa mini, na gaya mata. Ta ce gashinmu yana kama juna, na doki kuwa kamar zaren kamun kifi ne, da na tambaye ta ai ba za ta caje ni ba. Har ta fara dariya, sai ta tsaya ta ce, "Tsohon fa?" 

Ranar Juma'a bayan la'asar na sauka daga motar haya ta turoturo a Kawukudi, na ƙarasa Maamobi da ƙafa don in jinkirta isa. Na same shi a benci a ƙofar gida, yatsu a cikin kwanon ruwan ɗumi. Na durƙusa, ban ma gama gaisuwa ba ya ce, "Isiyaka, man na Hawa ne ko saya ka yi?"

Ashe tun ranar ya sani. Da ya kwance ragowar kitson ya ji ƙanshin a hannunsa. Na ce, "Baba, me ya sa ba ku faɗa ba?" Ya ce shi ya ba ni gezar, shi ya tafi ya bar ta, shi ya ɗaga hannu bai matso ya taɓa ba, don haka kasonsa ya ɗauka. "Naka kason kuwa ba ni zan faɗa maka ba." Na kawo masa hujjata ta yatsu. Ya fito da su daga ruwa ya nuna mini. "Kada ka ɓuya a bayan waɗannan, sun yi ƙanana. Je ka gaya mata duka, har da su."

Litinin na faɗa wa Madam a gaban manaja. Ta ce in ajiye makullin. Wata huɗu na yi ina tura baron kashi, ba kuma wanda ya zalunce ni. Baba ya dawo, ta ce ba yatsunsa take bukata ba, idonsa take so. Shi da kansa ya roƙa aka maida ni kitson Amarya. Daga ranar har ya bar aiki, kafin in taɓa geza sai ya kama hannuwana ya sansana.

Abin da na koya, kitson da aka yi don a gani ba ya kai shinge na uku. A wannan sana'a wani ne ke hawa kan aikinka, in ya zame ƙashinsa ne a ƙasa. Na kuma koyi cewa a barga akwai mutanen da za su ɗaukar maka laifi, su zauna su jira ka zo ka karɓi abinka.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa kowace safiyar gasa nake cewa ku miƙo hannu. Ba zarginku nake yi ba. Nawa nake fara sansanawa.