Rigar da Orfelina Ta Warware

Duk wanda ya san Quellón, garin masunta da ke kan wani tsibiri, ya san Orfelina Chiguay, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce guntuwar matar nan da ke tafiya tana kaɗi. Kasuwa za ta, ko coci, ko gidan rasuwa, mazarinta na rataye yana juyawa, gashin tunkiya na naɗe a damtsenta. Limamin cocin ya yi magana har ya gaji ya ƙyale ta. Tana da baki, ba ta raga wa malalaciyar mace, kuma in ta ga saƙar wata a jikin namiji sai ta kama hannun rigar ta murza tukuna kafin ta amsa gaisuwarsa.

A tsibirin nan, namijin da zai shiga teku matarsa ce ke saƙa masa rigar sanyi da gashin tumakin gidan. Wanda aka gani a bakin jirgi da rigar kanti ba a ce masa komai, matarsa ake bi da kallo. Tun shekarar da aka ɗaura musu aure Orfelina ba ta taɓa barin sanyi ya kama ba tare da ta miƙa wa mijinta sabuwa ba.

Mijin, Baldovino Cárcamo, mai nutso ne. Dogo ne, ba ya son surutu, abin da ya sa suka daɗe tare ke nan. Yakan sauka ƙarƙashin ruwa da tiyon iska a baki, ya cika raga da bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya da ake ci, amininsa Nelso na sama yana kula da injin da ke tura masa iskar. Rigar robar da ya girma a cikinta irin wadda ruwa ke shiga ce, ya kwanta tsakanin roba da fata, don haka ba a sa komai a ciki. Saƙar Orfelina a jirgi take jiransa: ya tuɓe ta kafin ya sauka, ya mayar in ya fito yana karkarwa. Wannan abu ya daɗe yana ci mata rai, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ita dai a ganinta, daidai inda sanyin gaske ya fara, nan rigarta ke tsayawa.

Teku ba ta barin mai nutso haka nan. Baldovino ƙugu ta kama masa. Da safe sai ya dafa bango yake miƙewa, in ya hau tsanin jirgi kuwa sai ya tsaya a tsakiya kamar mai tuna wani abu. Likita ya ce ko dai ya daina jiƙa ƙasusuwansa a ruwan sanyi, ko ya daina nutso gaba ɗaya. Baldovino ya saurare shi da ladabi, ya fito ya tafi gyaran raga.

'Yarsu Yasna ce ta raba gardamar. Tana aiki a gonar kifi, inda masu nutso suka daɗe da komawa wata irin riga da ruwa ba ya shiga ko ɗigo, mai matse wuya da wuyan hannu, mai zif a baya. Ta kawo wa uban irinta, ta baje a kan tebur, ta yi musu bayani cewa rigar ba ta ɗumama kowa, ruwa kawai take tarewa, ɗumin yana wajen abin da mutum ya sa a ciki. Sannan ta fito da na cikin: wata siririya mai kama jiki wadda ke janye gumi, da wata mai laushi ta samanta, duka biyun ba su kai nauyin burodi ɗaya ba.

Orfelina ta murza mai laushin tsakanin yatsu biyu ta ce wannan sai goge tebur. Amma ba nan hankalinta yake ba. Abu ɗaya ta ji a duk bayanin: yanzu ana sa kaya a ciki. Ta sake tambayar 'yar, ko tana nufin mutum zai iya sauka har ƙasa da rigar gida a jikinsa ta dawo a bushe. Yasna ta ce haka ne, ta soma ƙara cewa amma fa akwai lissafi, uwar ta riga ta tashi ta nufi garken tumaki.

Ba ta taɓa yin saƙa irin wannan ba. Ta zaɓi gashin baƙar tunkiyarta, ta ƙi wanke maiƙon sosai, ta kaɗa zare mai kauri ta ruɓanya shi. Rigar da ta fito tana iya tsayawa da kanta in an ajiye ta. Ta kai har cinya, wuyanta ya kai kunne. Matan unguwa suka zo gani, Orfelina tana zuba musu shayi tana yi kamar ba wani abu ba ne. Kayan kantin kuwa ta ninke su ta jefa ƙasan akwati. Baldovino ya sa rigar, ya ɗaga hannu ya sauke da ƙyar, ya ce ta yi.

Jirgin ya tafi, ya dawo. Ta tambaye shi sanyi, ya ce babu, ko kaɗan. Daɗi ya kama ta har ta ba maƙwabciyar da ba su shiri dankali kyauta. Haka aka yi ta tafiya ana dawowa, sai dai ta lura dingishinsa ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Ta ɗora laifin a kan likita. Ta kuma nemi wani tsohon kaskonta na ƙarfe ta rasa, ta ɗora laifin a kan maƙwabciyar.

Akwai aikin da Orfelina ba ta bar wa kowa: in jirgi ya dawo, ita ke ɗauraye kayan mijinta da ruwan daɗi don gishiri kada ya ci su. Ɗamarar dalmar da yake ɗaurawa a ƙugu don ta nutsar da shi, hannunta ya san nauyinta kamar yadda ya san na tulun gidan. Amma tun zuwan sabuwar riga Baldovino ya riƙa barin ɗamarar a jirgi, wai ya manta. Ranar da Nelso ya kawo kayan gida a baro, shi bai san da wannan mantuwa ba, ya haɗo da ita. Orfelina ta sunkuya ta ɗauka da hannu ɗaya yadda ta saba, ɗamarar ta ƙi tashi. Ta duba. Tsakanin tsofaffin dalmomin da suka yi baƙi akwai sababbi masu ƙyalli, kowacce da zagayen gindin kaskonta.

Ta tsare Nelso a bakin ƙofa. Ya so ya zille, ya ce ana jiransa, ta ce su jira. Da ya ga ba mafita sai ya faɗa mata, yana danne dariya. Ranar farko, in ji shi, Baldovino ya faɗa ruwa ya ƙi nutsewa, yana yawo a sama. Saƙa mai kauri iska take riƙewa, kuma iskar nan ce ɗumin, amma ita ce ke ɗaga mutum. Da ya matsa ya kifa kai don ya sauka da ƙarfi, iskar ta gudu ƙafafu, sai ga takalmansa biyu sun fito sama suna harbi. Duk jiragen da ke wurin sun gani. Kowa ya ce ya cire rigar ya sa ta kanti, wadda ba ta bukatar dalma mai yawa haka. Ya ƙi. Ya narka dalma a kaskonta ya ƙara, ya sake ƙarawa. Daga nan dariyar Nelso ta ƙare. Ya ce a cikin ruwa nauyin ba ya damunsa, amma in ya zo hawa tsani, yanzu sai an kama shi an ja.

Orfelina ta ja ɗamarar ta shige ɗaki ba ko zagi, abin da Nelso bai taɓa gani ba, har ya tsorata ya tafi ya bar baronsa.

Da Baldovino ya shigo da la'asar, ya same ta a gefen murhu da rigar a cinya. Ta riga ta warware hannun rigar ɗaya, zaren na naɗe a dunƙule, ɗamarar na ajiye a tsakiyar ɗaki inda dole ya tsallake ta. Ya tsaya ya dubi ɗamarar, ya dubi matar.

"Nelso bakinsa ba ya rufuwa," ya ce.

"Kaskona ne ya faɗa min, ba Nelso ba. Kai yanzu, tsohon nan, da girmanka, ka zaɓi ka gurgunce da ka ce min rigar ta yi kauri?"

Ya zauna a hankali, yana dafa tebur. Ya ce ai ɗumi gare ta. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ya ce mutane za su yi magana in sun gan shi da ta kanti. Ta ce mutanen da suka ga ƙafafunsa a sama me ya rage musu su faɗa. Ta ɗauka maganar ta ƙare, ta ci gaba da jan zare.

"Orfe," ya ce, "tun ina saurayi nake sauka can ni kaɗai. Ba kowa, sai duhu da ƙarar numfashina. Bana ne kawai na sauka na ji kina wurin."

Hannunta ya tsaya. Ta so shi a wannan lokacin fiye da ranar aurensu, ta kuma ji kamar ta kwaɗa masa mazari a ka. Ta goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙin murhun nan zai kashe ta wata rana, sannan ta kama zaren ta ci gaba da warwarewa har rigar ta ƙare.

Ita da kanta ta tono kayan kantin daga ƙasan akwati, ta kira Yasna a waya ta ce ta maimaita mata lissafin nan da ta fara, wannan karon za ta saurara. Ita ta zare sababbin dalmomin daga ɗamarar, ta bar wa Nelso ya gwada wadda za a mayar. Zaren kuwa ta raba shi ta sake kaɗawa siriri, ta saƙa wani abu mai faɗin tafin hannu biyu, mara kauri, wanda zai zagaye ƙugu daidai inda dalma ke danna ƙashi.

Ranar tashin jirgi Baldovino ya bi ta tsakiyar mutane da rigar kanti, matan bakin ruwa suka juyo suka dubi Orfelina kamar yadda ita ta sha duban wasu. Wata ta tambaye ta ko tumakin ne suka mutu. Orfelina ta ce suna nan lafiya, suna gaishe ta. Abin ya yi mata zafi, ba ƙarya, amma ta tsaya a wurin da mazarinta har jirgin ya ɓace.

Da suka dawo tana bakin ruwa. Nelso ya hango ta tun daga nesa, ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna mata tafukan, wato bai ja kowa ba. Baldovino ya sauko da ƙafafunsa, da ɗan dingishinsa na da, ya miƙa mata ɗamarar. Ta karɓa, ta jinjina, ta ɗan fi yadda take a da nauyi amma hannu ɗaya ya ɗauke ta. Ta tambaye shi sanyi, ya ce babu. Ta tambaye shi ƙugu, ya ce da sauƙi. Ba ta tambaye shi ko har yanzu yana jin tana wurin ba, ta juya za ta tafi.

Ya kama hannunta ya ɗora a ƙugunsa, a kan rigar kantin, inda ta ji saƙarta a ƙarƙashi, da ɗumin jikinsa a ciki.

"Kina wurin," ya ce. "Kin dai rage nauyi."