Zalɓen Bakin Humber

Ruwa ya janye daga bakin kogin Humber, ya bar laka tana sheƙi har iyakar gani. A kan ganuwar teku Glenda ta tarar da wani dattijo da ba ta sani ba, ya duƙa a kan madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Hular ulunsa ta koɗe, sanyi ya ja masa hanci jawur, madubin kuwa duk fentinsa ya goge a inda yatsu ke kamawa.

Garken dinya ya gifta can sama, ya faɗi irinsu ba tare da ya ɗaga kai ba. Kuka kawai ya ji. Ta ayyana a ranta ko tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne, irin waɗanda suka taso lokacin da dinya ke rufe rana a fadamar nan.

A nan, wanda ya samo tsuntsu ba ya rowarsa. Ya matsa gefe.

"Zo ki leƙa, yarinya, kyauta ne. Zalɓe. A wurin nan kakanninsa ke tsayawa tun ina ɗan makaranta."

Glenda, mai jikoki, ta yi dariya, ta sa ido. Tsohon turken ɗaure kwalekwale ne, toka-toka, ya ɗan karkace a cikin laka. Ta ɗago ta dubi idanunsa. Yana ta fara rufe su. Yana jiranta, fuskarsa cike da murna.

"Ya kika gan shi?"

Ta sake duƙawa, ta daɗe.

"Baba, ko motsi bai yi ba."

"Ai haka suke," ya ce. "Akwai haƙuri."