Malam Sharhabil Audi, Limamin da Ya Hana a Faɗaɗa Masallaci

Haihuwa da Nasaba

A shekarar 1955 aka haifi Malam Sharhabil a Unguwar Kanawa, cikin garin Kaduna. Mahaifinsa, Audi Tela, Bakano ne, mahaifiyarsa Rabi kuwa 'yar ƙabilar Bajju ce daga Zonkwa, wadda ta musulunta kafin aurenta amma ba ta yanke zumunci da danginta ba. Saboda haka ya tashi yana hutun makaranta a gidan kawunnansa Kiristoci, waɗanda suke tashinsa sallar asuba idan barci ya ɗauke shi.

Neman Ilimi da Aiki

Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku, sannan ya tafi Katsina ya yi karatun malanta. A 1978 ya kama aikin koyar da Larabci a wata firamare a Abakpa, inda ya zauna har ya yi ritaya. Ya auri Juwairiyya Shehu a 1981, suka tare a Hayin Banki, kuma a 1990 jama'a suka naɗa shi limamin masallacin layinsu.

Jarrabawar Shekarar 2000

A rikicin watan Fabrairu na wannan shekara aka ƙona gidan da ke jikin masallacin, na wani Kirista, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai suna Iliya Bature. Iliya ya rasa ransa, matarsa Saratu ta ƙetare kogi zuwa kudancin gari da 'ya'yanta. Da ƙura ta lafa, kwamitin masallaci ya yanke shawarar haɗe kangon da masallaci, tunda ya yi wa jama'a kaɗan. Har an sauke bulo da yashi, Malam Sharhabil ya miƙe bayan sallar la'asar ya ce: "Filin nan na marayu ne. Ba zan ja ku salla a kan ƙasar ƙwace ba, ko da taku ɗaya ne."

Shugaban kwamitin, Alhaji Mansur, ya amsa masa a gaban jama'a: "Malam, ba ilimi ne ke magana ba, jinin uwarka ne." Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, amma abin da ya ce kawai shi ne a wajen uwar tasa ya koyi alwala. A makon aka sauke shi daga limanci. Bai sauya masallaci ba. Ya ci gaba da bin ɗalibinsa Tijjani, wanda aka naɗa a madadinsa, salla a sahun baya. Ginin ma bai yiwu ba, domin magina sun ƙi taɓa filin bayan sun ji hukuncinsa. A 2004 ya nemo Saratu a Sabon Tasha, ya tsaya mata har ta sake gina gidan ta zuba 'yan haya, da kuɗin hayar ta ƙarasa renon 'ya'yanta.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Talata, cikin watan Sha'aban na shekarar 2023, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Malam Tijjani ne ya sallace shi a kan titi, aka binne shi a maƙabartar Kawo. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Kabir, Anas, Bara'atu da Yasmin. Saratu, wadda tsufa ya riga ya cinye wa ƙafafu, ta sa aka kawo ta zaman makoki, ta kwana uku a ɗakin Juwairiyya. Allah ya jiƙansa da rahama.