Ƙofar Kamyon Mumuni

Mutanen unguwar Lamorde da suka san Mumuni da guduma a hannu ba sa yarda in aka ce musu asalinsa ɗan biro ne, wato ma'aikacin ofis. Amma haka ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana buga keken rubutu a wata ma'aikata a Yamai, da farar riga da alƙalami biyu a aljihu. Mutumin wani ƙauye ne arewa da Tawa, lakwal, wato karatun boko, ita ta kawo shi birni. Ba shi da faɗa, ba shi da rowa. Halinsa dai guda: in harafi ɗaya ya karkace a takarda, sai ya zare ta ya sake daga farko, ko da wasiƙar gida ce.

Shekarar da fari ya kai maƙura, wadda soji suka karɓi mulki, wasiƙa ta zo daga yayarsa Lami. Ta ce rijiya ta ƙafe, awaki sun ƙare, motoci sun daina shigowa garin tunda kasuwa ta mutu, Inna kuma ƙafafunta ba sa ɗaukar ta. Ta ce ya zo ya kwashe su, ita da Inna da ƴaƴanta huɗu.

Kada a zalunce shi, bai yi sanyin jiki ba. Cikin kwana uku ya sayar da babur ɗinsa da rediyo, ya sayi wani tsohon kamyo, babbar motar kaya, a gwanjo. Tuƙi ya iya, direban ma'aikatarsu ya taɓa koya masa. Injin kamyon kuwa lafiya lau, kana taɓa makulli zai amsa. Sai dai motar ta taɓa kifewa, ƙofar dama ta lotse ta murɗe, ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da igiya. Ya tuƙo ta ya haye gadar kogi zuwa Lamorde, ya ajiye ta ƙofar gida, ya ce wa matarsa Habsatu ta shirya masa guzuri, jibi zai kama hanya.

Washegari a biro wani abokin aikinsa ya rage murya ya ce masa: «Ka dai ji sabuwar doka? Duk motar da aka ɗaure ƙofarta da igiya, jandarma na ƙwace ta a shingen bariyer, direban kuma a rufe shi.»

Mumuni ya ce a nuna masa takardar. Nan kansa ya fara ɗaurewa. Wani ya ce an sa mata hannu tun makon jiya. Wani ya ce ba a ma buga ta ba tukuna. Wani ya rantse cewa taksi kaɗai ta shafa. Na huɗu ya dubi ƙofa ya ce masa ya daina yawan tambaya, zamani ya sake. Shi da kansa takarda ashirin yake bugawa a yini, bai taɓa cin karo da ita ba, amma wa zai je ya tare soja ya ce masa, ranka ya daɗe, da gaske ne? Ya yi ta juya abin a ransa. In aka ƙwace motar a hanya, shi ke nan, ba shi da wata dabara ta ɗauko Inna. Gara a gyara ƙofa, aikin kwana biyu ne.

Garejojin gari duk sun cika da motocin kai tsaba, ba mai sauraron sa. Sai ya cire ƙofar ya shigar da ita tsakar gida, ya ari guduma wurin maƙwabcinsa Baba Yakuba, tsohon tolye, wato mai miƙe jikin mota, wanda rawar hannu ta sa ya bar aiki. Baba Yakuba yakan jawo kujera gindin dogon yaro ya zauna. Ba ya taɓa komai, baki kawai yake bayarwa.

Mumuni ya dubi inda ya fi lotsewa ya maka masa guduma daga ciki. Wurin ya taso, wani wuri can gefe ya faɗa. Ya bi can ya doka, na farko ya koma.

«Ɗan biro,» in ji Baba Yakuba, «ba a dukan tsakiya. Daga gefe ake farawa, ana zagayowa.»

Ya yi kwana huɗu yana zagaye. Rana ta biyar tsohon ya leƙa ya ce: «Me kake jira? Doki tsakiya mana.»

«Baba, ai ku kuka ce ba a dukan tsakiya.»

«Ranar nan ke nan. Yau ƙarfen ya sake.»

Haka aka yi ta yi. Inda ya daku da yawa ƙarfen ya buɗe ya yi tumbi, kana danna shi yana ƙara kamar murfin kwano. Baba Yakuba ya ce a gasa wurin da garwashi a ɗora tsumma mai ruwa, zai tsuke. Aka gasa da gawayin girkin Habsatu, ya tsuke, har ya wuce. Mumuni ya ce a gaya masa ƙa'idar ya rubuta a takarda, tsohon ya yi dariya har da tari. Kullum da Mumuni ya taso daga aiki sai ya tuɓe farar riga ya durƙusa, har la'asar ta yi sanyi. Yatsunsa suka farfashe, keken rubutu ma ya fara yi masa gardama.

Bayan mako uku ƙofa ta rufu. Sai ka ɗan ɗaga ta ka tura da gwiwa, amma ta rufu, ba igiya.

«Ta yi,» in ji Baba Yakuba. «Tashi ka tafi.»

Mumuni ya tsaya yana kallon ta. Daga sama akwai tazara da yatsa zai shiga. Ga shi kuma a biro maganar ta ƙara tsawo, yanzu har cewa ake fenti ma sai ya zama iri ɗaya. Shin rufuwa ake nufi, ko rufuwa daidai? Ba wanda ya sani. Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci, kuma sai tausayinsa ya kama ni. Ya sake kwance ƙofar.

Habsatu ta ce: «Malam, wasiƙa ba ta sake zuwa ba fa.»

«Da wani abu ya faru ai da sun rubuto,» ya ce. Shi ma bai san ko ya yarda da maganar ba.

Ranar Lahadi ta mako na bakwai, da hantsi, ya maida ƙofar jikin mota ya gama shafa fenti, ya yanke cewa Talata zai tafi. Yana wanke hannu sai wata motar albasa ta tsaya a bakin lungu. Ba ta da gilashi, ƙofofinta duka biyu ɗaure suke da igiya. Wata mace ta sauko daga saman kaya, aka miƙo mata yara ɗaya bayan ɗaya, har huɗu. Sai da ta matso kusa ya gane Lami, don ta rame ƙwarai.

Maimakon ya gaishe ta, bakinsa ya tafi wurin direban: «A bariyer ba su tsayar da ku ba?»

«Sun tsayar,» in ji direba. «Sun ce mu yi sauri, akwai yara.» Ya ja motarsa.

«Yaya, ina Inna?»

Lami ta ce kwana arba'in Inna tana sa a fitar da ita bakin gari, wai za ta riga kowa jin ƙarar motarsa. Da garin ya watse suka goya ta, suna karɓa-karɓa, za su kai ta babbar hanya. A yini na biyu ta cika, a gindin wata aduwa. Wasu matafiya ne suka taimaka aka rufe ta.

Lami ba ta yi kuka ba. Ta juya ta dubi kamyon, sabon fenti yana ƙyalli.

«Taka ce?»

«Tawa ce.»

«Ba ta tashi ne?»

«Tana tashi, Yaya.»

«To me ya hana ka zuwa?»

Mumuni ya juya wajen motar. Ya ɗaga hannu ya nuna ƙofar. Lami ba ta gane ba. Ta je ta kama mariƙin ta buɗe, ta leƙa kujerar da Inna za ta zauna, sannan ta tura a hankali. Ƙofar ta shige daidai, ko ƙara ba ta yi ba. Ta dubi ɗanyen fentin da ya manne mata a tafin hannu, ta dubi ƙanenta.

«Lafiyarta lau,» ta ce.